Rinin Baba: Sana'ar Da Ta Kai Sunan Kano Bakin Teku Tana Neman Magada

Hausawa kan ce, "A rina, an saci zanen mahaukaciya." Wannan karin magana tana tuna mana zamanin da kusan kowane babban gari a ƙasar Hausa yake da marinarsa, har ya zamana wanda ya ɗauke zanen da kowa ya sani ba shi da wata dabarar ɓad da kamanninsa illa ya kai shi a rina. Har gobe ana jin karin maganar a bakin jama'a, tun daga Kano da Damagaram har zangon Kumasi da unguwannin Hausawa na Jidda, sai dai da yawa daga cikin masu faɗinta ba su taɓa leƙa ramin rini ba. A garuruwa da dama akwai unguwannin da ake kira Marina ko Karofi, amma in aka je sai a tarar suna ne kawai ya rage, an cike ramukan an yi gine-gine a kansu.

Wurin da ya fi shahara cikin waɗanda suka saura shi ne marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, wadda masu ita ke cewa an kafa ta tun shekara ta 1498. Baƙi daga ƙasashen duniya kan ziyarce ta su ɗauki hotuna, amma duk wanda ya shiga zai lura cewa ramukan da ke aiki ba su kai waɗanda suka bushe yawa ba. Abin da ke neman salwanta a nan ya wuce launi, domin kuwa launin shuɗi ya cika kasuwa, ga shi kuma da araha. Abin da ke cikin haɗari shi ne sanin yadda ake fitar da launin daga ganye, ilmin da yake a hannu da hanci da idon marini.

Yadda ake raya rami

Baba wani ɗan tsiro ne mai ƙananan ganyaye, wanda manoma kan shuka shi a gefen gona ko a tsakanin hatsi. In ya isa yanka sai a sare shi, a sassara ko a daka, a bar shi ya ruɓa, kana a shanya ya bushe. Abin mamaki shi ne, ɗanyen ganyen baba ba shi da ko alamar shuɗi. Masana ilmin haɗa sinadarai sun gano cewa ganyen yana ɗauke da wani sinadari maras launi mai suna indikan, wanda sai ganyen ya ruɓa iska ta taɓa shi sa'an nan yake juyewa ya zama shuni.

To amma shi kansa shunin yana da taurin kai, domin ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. Wannan matsala ce ta haifar da ramin rini. Akan haƙa rami mai zurfi, wanda yakan kai mita 3, wani ma ya zarce haka nesa, a shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Sai a cika shi da ruwa, a zuba toka mai yawa da baba da katsi, a rufe da murfin da aka saƙa mai siffar malfa, a bar shi kwanaki. Tokar ita ke ba ruwan kaifi, a cikin wannan ruwa mai kaifi kuma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke rayuwa, suna cinye iskar oksijin da ke cikinsa, har su mai da shunin wani abu mai narkewa wanda launinsa ke tsakanin kore da rawaya. Marini yakan riƙa motsa ramin da doguwar muciya, yana duban kumfan da ke tasowa, yana shinshina warin ruwan. Ta haka yake gane ko ramin ya nuna, ko yana bukatar ƙarin toka, ko kuwa ya gaji yana son hutu.

In aka tsoma farin zane aka fito da shi, da fari kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗa ya zama shuɗi a kan idon mai kallo. Dalili ke nan da ya sa marini ba ya jiƙa zane ya tafi abinsa. Tsomawa yake yi yana ɗagowa, yana ba shi iska, sau da yawa, har launin ya kai inda ake so. Mai son shuɗi mai haske aikinsa ba ya daɗewa, amma mai son wanda ya rinu sosai, wanda Hausawa ke kira baƙi, sai an shafe sa'o'i ana fama.

A wannan sana'a ba a zubar da kome. In rami ya mutu, ruwansa ya zama dagwalo, sai a kwashe laka da ta kwanta a ƙasansa, a cura, a shanya, a ƙone. Wannan shi ne katsi, wanda ake mayarwa cikin sabon rami, kuma shi ake haɗawa da dafara da gashin dabbobi a yi laso. Magina ma sun daɗe suna shafe rufin soraye da laso don ya tare ruwan sama. Marigayi Philip Shea, masanin tarihi da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya yi bincikensa na digirin digirgir a 1975 a kan cinikin rinannen tufafi na Kano, ya nuna cewa laso na cikin abubuwan da suka ba marinan Kano damar barin tukwane su koma manyan ramuka, wato su rina kaya da yawa a kan kuɗi kaɗan.

Daga Kura zuwa bakin teku

Rinin baba tsohon abu ne a duniya. A 2016 masu bincike suka ba da sanarwar cewa wasu ƙyallayen auduga da aka tono a Huaca Prieta ta ƙasar Peru, masu kimanin shekaru 6,000, da shuni aka rina su. A Afirka ta Yamma kuwa an sami rinannun tufafi a kogunan duwatsun Bandiagara na ƙasar Mali waɗanda aka saƙa tun ƙarni na 11 da na 12. Amma a ƙarni na 19 da wuya a sami wurin da sana'ar ta bunƙasa a yankin kamar ƙasar Kano.

Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim a tafiye-tafiyensa, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya ba da labarin cewa tufafin da ake saƙawa a kuma rina a Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat har Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tumbuktu har gaɓar tekun Atlantika ta yamma, ban da Barno da Adamawa. Ya ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa waje a shekara ya kai aƙalla na wuri miliyan 300. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, wannan arziki yana fitowa ne daga gidajen talakawa, inda manomi da mai kaɗi da masaƙi da maɗinki da marini kowa ke samun rabonsa, ba tare da an tara su a wata babbar masana'anta irin ta Turai ba.

Yawancin aikin ma a garuruwan karkara ake yinsa, irin su Kura da Dal. Kura, wadda ke kudu da birnin Kano, ita ce ta ba da suna ga rawanin nan ɗan Kura. Akan saƙa ƙyallaye sirara ƙwarai, a ɗinke su wuri guda, a rina har su yi baƙi, sa'an nan a kai mabuga. A can za a barbaɗa garin shuni a kan tufar, a ɗora ta bisa gungumen itace, a yi ta dukanta da manyan sanduna har ta riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Haka ake yin turkuɗi da rigar kore. Abzinawa su ne manyan masu sayen irin wannan kaya, kuma saboda shunin da ke zuba a fuskokinsu ne Turawa suka yi musu laƙabi da shuɗɗan mutanen Sahara. A wurinsu wannan zuba ado ne kuma alamar tufa mai tsada.

Ta kudu kuma fatake sun riƙa ɗaukar rinannun tufafi zuwa Gwanja, su sayar a kasuwar Salaga su sayo goro. Wannan fatauci na cikin abubuwan da suka haifar da zangunan Hausawa a ƙasar Gana ta yau. Har yanzu a garin Daboya da ke arewacin Gana ana rina zare a ramuka, a saƙa ƙyallayen da ake ɗinka rigar batakari da su.

Shuni daga masana'anta

Abin da ya girgiza wannan sana'a a duniya baki ɗaya daga Turai ya fito. A 1856 wani matashi ɗan Ingila mai suna William Perkin ya samo launi na farko da aka haɗa daga kwaltar gawayin ƙasa. Daga nan masana suka duƙufa wajen neman hanyar haɗa shuni ba tare da ganye ba. Bajamushe Adolf von Baeyer ya shafe shekaru yana wannan aiki, ya bayyana tsarin sinadarin a 1883, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1905. A 1897 kamfanin BASF na birnin Ludwigshafen ya fara sayar da shunin masana'anta a kasuwa.

Ƙasar Indiya ce ta fara ɗanɗana kuɗarta, domin a lokacin ita ce ke ciyar da masaƙun Turai da shuni. An ƙiyasta cewa a 1897 an samar da shunin ganye kimanin tan 19,000, amma kafin 1914 abin ya faɗo zuwa wajen tan 1,000. Ya kamata a tuna cewa noman baba a Indiya a ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka cike yake da zalunci. Manoman Bengal sun yi bore a 1859 saboda tilasta musu shuka shi, kazalika a 1917 Mahatma Gandhi ya fara gwagwarmayarsa a cikin Indiya ne a gundumar Champaran, inda ake tilasta wa manoma su keɓe kashi 3 cikin 20 na gonakinsu don baba. Saboda haka tarihin launin ganye ma yana da nasa tabon.

A ƙasar Hausa sauyin ya zo ne sannu a hankali. Kamfanonin Turawa suka riƙa shigo da atamfa da galura kala-kala, sa'an nan aka kafa masaƙun zamani, na farkonsu a Kaduna a 1957. Marini ya ga cewa abin da ke cinye masa kwanaki a rami ana iya gama shi cikin ƙanƙanen lokaci a tukunya ko ganga, in an zuba garin rini da soda mai ƙuna da wani farin gari da ake kira haidirosalfait. Da yawa suka koma wannan hanya, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin mai saye araha yake nema. Ta haka rinin shadda na zamani ya bunƙasa a Kano, ya ɗauki dubban matasa aiki. Sai dai su ma ba su tsira ba. Masaƙun Kaduna da Kano sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, kayan ƙasar Sin suka mamaye Kantin Kwari, har a 2015 marina a Kano suka yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki suna kukan cewa rinannun yadudduka na waje suna raba su da abincinsu.

Ba baba kaɗai ba

Ko da yake baba ne sarki, akwai wasu tsirrai da Hausawa suka daɗe suna samun launi daga gare su, har sunayen wasu launuka ma daga tsirran suka fito. Rawaya sunan wani tsiro ne na daji da ake samun launin daga saiwarsa. Gangamau ma yana ba da irin wannan launi. Daga karan dafi, wato wata irin dawa da ake shukawa don ɓawon karanta, dukawa ke samun jan da suke rina fata da shi, irin fatar akuyar Sakkwato da ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Bagaruwa kuwa, ban da jima, in ta haɗu da ƙarfe tana ba da baƙi.

Maƙwabta ma kowa da irin tasa hikima wajen yi wa tufa ado. A Kano mata ne a cikin gidaje ke ɗaure farin yadi da zare ko su ɗinke shi kafin a kai rami, in an kwance sai wuraren da aka ɗaure su fito fari da zane-zane. Yarabawan Abeokuta da Ibadan suna yin adire, inda ake shafa kullun rogo a kan yadi da gashin kaza ko ta cikin farantin ƙarfe da aka huda, domin rini ya tsallake wurin da aka shafa. Su da wani tsiro mai yaɗo suke rini, wanda suke kira elu, Hausawa kuma na kiransa talaki. A Mali ana yin bogolan: a jiƙa tufa a ruwan ganyen marke, sa'an nan a zana ta da lakar kogi da aka ajiye ta daɗe, ƙarfen da ke cikin lakar ya haɗu da ruwan ganyen ya ba da baƙin da ba ya fita. A Ntonso kusa da Kumasi kuwa ana sassaƙa hatimi daga ƙwarya, a tsoma shi cikin baƙin ruwan da aka dafa daga ɓawon itacen badie, a riƙa bugawa a kan zane. Wannan shi ne adinkra, kuma akwai wani zanensa da Thomas Bowdich ya samo a Kumasi a 1817 wanda ke ajiye a gidan tarihi na Birtaniya a London.

Matsalar mai saye

A 'yan shekarun nan masu ɗinkin ƙawa a Turai da Amurka da Japan sun sake waiwayar launin tsirrai, musamman saboda damuwa da dagwalon masana'antu da ke gurɓata koguna. Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labarin wannan, domin sun ga abin da ruwan masana'antun jima da na rini ya yi wa kogin Challawa. Ramin gargajiya kuwa toka ce da ganye da ruwa, abin da ya saura ma komawa yake cikin aiki.

Amma fa a faɗi gaskiya, ganye ba zai iya rina tufafin duniya ba. Launin da ake samu bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ɗanyen ganyen ba, alhali wandon jins kaɗai yana cinye dubban tan na shuni a kowace shekara. In aka ce da baba za a yi wannan aiki, sai an karɓe gonakin abinci masu ɗimbin yawa. Saboda haka makomar rinin baba tana ga kaya kaɗan masu daraja, waɗanda mai saye ya san abin da ya saya, ya kuma yarda ya biya. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

A nan ne babbar matsalar take. Sinadarin shunin da ke fitowa daga ganye da wanda ke fitowa daga masana'anta abu guda ne, ta yadda in an gama rini da wuya ido ya bambanta su, sai dai a ɗakin gwaje-gwaje. Zubar launi a hannu ma ba hujja ba ce, domin kowannensu yana iya zuba. Akwai kuma masu ƙara garin kanti a cikin rami don aiki ya yi sauri. Sakamakon haka, marinin da ya yi haƙuri ya raya raminsa da ganye zalla yana gogayya a kasuwa ɗaya da wanda ya gama nasa kafin azahar, kuma dukansu suna kiran kayansu na gargajiya. In farashi ɗaya za a biya su, to ba a bukatar boka ya faɗi wanda zai fara ajiye muciya.

Ƙasar Japan ta fuskanci irin wannan hali. Lardin Tokushima ya shahara da wani shuni da ake samu daga wani tsiro dabam, wanda ake tara ganyensa ana yayyafa ruwa ana juyawa har kimanin kwana 100 kafin ya nuna. Shunin masana'anta ya kusa kashe sana'ar, gidaje ƙalilan suka rage. Gwamnatin ƙasar ta sanya wannan aiki cikin fasahohin gargajiya da take kiyayewa, masu sana'ar kuma suka tsaya a kan bambanta kayansu da na kanti, har ya zamana mai saye yana biyan ninkin-ba-ninkin don ya san daga inda launin ya fito. Tambarin gasar Olympics ta Tokyo da aka yi a 2021 ma da launin shuni aka zana shi.

Darasin da ke nan ga marinan ƙasar Hausa ya shafi abubuwa uku. Na farko manomi, domin in ba a sami mai sayen baba da daraja ba, zai shuka wani abin a gefen gonarsa, rami kuwa ba ya rayuwa sai da ganye. Na biyu magaji, domin sanin ramin da ya nuna da wanda ya gaji ba a koyonsa cikin mako guda, sai yaro ya shekara da shekaru a gindin ubansa ko maigidansa, kuma ba zai zauna ba in bai ga abin da zai riƙe iyali da shi ba. Na uku amana a kasuwa, wato wata shaida da marina da kansu za su tsaya a kanta, wadda za ta tabbatar wa mai saye cewa wannan tufa ramin baba ta shiga.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, a zama ɗaya da saƙar kente ta Gana. Duk wanda ya taɓa kallon hawan ya ga yadda rawunan ɗan Kura ke walƙiya a kan mahaya. Kowane ɗaya daga cikin na ainihin ya ratsa hannun masaƙi da maɗinki da marini da mabugi kafin ya hau kan mai shi.

Hausawa mazauna ƙetare suna da rawar da za su taka a nan, domin suna cikin masu aikowa gida a saya musu kayan salla da na biki da na tsaraba. In mai aike daga Accra ko Yawunde ko Khartum ko London ya tambayi inda aka rina tufar da kuma abin da aka rina ta da shi, ya kuma yarda ya biya bambancin, dillali zai kai tambayar wurin marini, marini kuma zai kai ta wurin manomi. Ramin da aka bari ya bushe ana iya yashe shi a sake shafa masa laso cikin 'yan makonni, muddin akwai sauran wanda ya san yadda ake haɗa shi.